Aman Kafinta

Mai Agogo ya yi hassadar abubuwa da yawa a rayuwarsa, amma bai taɓa zaton wata rana zai zauna yana hassadar aman wani ba. Ya yi hassadar rumfar maƙwabcinsa mai gyaran waya don ta fi tasa inuwa. Ya yi hassadar sumar ƙaninsa da ta ƙi zubewa. Ranar da aka ƙara wa ɗan yayarsa girma a wurin aiki, kwana biyu abinci bai yi masa daɗi ba. Kada a ɗauki alhakinsa, ba mugu ba ne, har ya kai shekara hamsin da takwas bai taɓa cutar kowa ba. Shi dai duk abin da ya gani a hannun wani sai ya auna da nasa, kuma awon bai taɓa faɗawa wajensa ba.

Ciwon ya fara ne da dusashewar murya. Wata huɗu yana shan zuma da ruwan ɗumi, matarsa tana yi masa mita, kafin ya yarda ya rufe rumfar gyaran agogonsa ya je asibiti. Aka zura masa wata 'yar waya mai fitila ta hanci, aka gutsiri nama aka kai ɗakin gwaji. Bayan mako biyu Likita ta zaunar da shi da matarsa ta ce ciwon daji ne a maƙogwaro. Mace ce siririya mai magana a hankali, in za ta faɗi abu mai nauyi sai ta riƙa juya biro a tsakanin yatsunta.

"Gashi za a yi maka, Baba," in ji ta. "Ba da wuta ba. Inji ne mai fitar da wani haske da ido ba ya gani, shi ke ƙona ƙarin. Sau talatin za ka zo, kullum da safe, ban da ƙarshen mako. Amma akwai matsala guda. Ƙari irin naka in ya girma, jini ba ya kaiwa tsakiyarsa sosai, inda jini bai kai ba kuwa iskar da muke shaƙa ba ta kaiwa. Wurin da ba iska hasken ba ya cinsa yadda ya kamata. Ka taɓa hura wuta da ɗanyen itace?"

"Na taɓa."

"To haka abin yake. Gefe ya ƙone, tsakiya tana nan. Akwai wani sinadari da muke gwadawa, muna sa ran zai shiga tsakiyar ya tsaya a madadin iskar, hasken ya samu ya ci wurin. Shi kansa ba ya kashe komai, laushi kawai yake sa ƙarin ya yi. In ka yarda za ka shiga gwajin. Sai dai rabin waɗanda suka shiga ne ke shan sa, rabi kuma suna shan wata ƙwaya mai kama da shi wadda ba komai a ciki. Ni ban san wa ke shan wace ba, nas ma ba ta sani ba. Kwamfuta ce ta raba, lamba kawai muke gani a jikin kwali. Gashin kuwa iri ɗaya ake yi wa kowa, ba a rage wa kowa."

Ta yi bayani mai tsawo bayan wannan, ta ba su takarda su karanta a gida. Mai Agogo ya sa hannu washegari. Daga duk abin da ta faɗa, kalma ɗaya ce ta liƙe masa a ka, wato rabi.

Sashen gashin yana ƙarƙashin ginin asibitin, sai an sauka matakala ashirin da biyu. Dogon baranda ne ba taga, da kujerun roba shuɗaye da aka haɗa da ƙarfe ɗaya, in wani ya motsa kowa ya ji a jikinsa. Akwai ɗan teburi a kusurwa, da injin ruwan sha can ƙarshen barandar, da agogon bango da ke baya da minti huɗu, abin da ya riƙa yi wa Mai Agogo ƙaiƙayi tun ranar farko. Mai kula da su wata ƙatuwar nas ce da kowa ke kira Sista, takalminta na roba yana kuka a duk taku. Ƙa'ida ita ce a sha ƙwaya uku awa ɗaya da rabi kafin a shiga inji. Sista takan ɓallo su daga kwali mai lambar mutum, ta zuba a ɗan kofin takarda da aka rubuta lambar a jiki.

Mutum biyu aka sa a layin farko na safe, kafin sauran su iso. Mai Agogo ne lamba arba'in da ɗaya. Arba'in da biyu wani kafinta ne, dogo mai faɗin ƙirji, wanda zarto ya ci rabin ɗan yatsansa tun yana saurayi. Ciwonsu iri ɗaya ne, a wuri ɗaya. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa mata biyu suna aure a nesa, don haka shi kaɗai yake zuwa a bas da 'yar jakarsa. Tun ranar farko ya miƙa wa Mai Agogo hannu ya ce, "Ɗan'uwa, ashe tare za a gasa mu." Ya yi dariya shi kaɗai, ya tashi ya ɗebo musu ruwa a injin, kofi biyu. Daga ranar wannan ya zama aikinsa.

Gashin kansa ba ya ciwo a makon farko. A kwantar da kai a kan wani gado mai tauri, a kifa maka abin rufe fuska na roba mai ƙananan ramuka wanda aka ƙera daidai da fuskarka, a ɗaure shi da gadon yadda ko haɗiyar yawu sai da dabara. Kowa ya fita, ƙofa mai kauri ta rufe, injin ya zagaya kanka yana gurnani na minti goma. Shi ke nan.

A rana ta uku Kafinta ya fito daga injin ya nufi kwandon shara da gudu. Ya yi amai har idonsa ya kaɗa. A lokacin barandar ta cika, kuma a cikin masu zama akwai wata tsohuwa da ke rako mijinta, kullum da saƙa a hannunta, kuma ta mai da kanta shugabar wurin ba tare da kowa ya zaɓe ta ba. Ta ɗago kai daga saƙar ta ce, "Wannan ta gaske aka ba shi."

"Ya aka yi kika sani, Inna?" wani ya tambaya.

"Ba ku karanta takardar ba? An rubuta sinadarin yana iya sa tashin zuciya da amai da jiri. Ta bogi me za ta tayar? Gari ne aka dunƙula."

Sista ta ji, ta fito ta yi musu faɗa. Ta ce gashin ma yana sa amai, tsoro yana sa amai, wani kuma ya sha ta gasken bai ji komai ba. Kowa ya ce haka ne, Sista. Tana juya baya aka ci gaba da lissafin wa ya yi amai, wa bai yi ba.

Mai Agogo bai yi ba. A hanyarsu ta komawa gida ya zauna shiru a bas yana sauraren cikinsa kamar yadda yake kara agogo a kunne ya ji ko yana bugawa. Ba komai. Ya isa gida ya ci shinkafa faranti guda, ta zauna daram. Washegari ma haka. Mutumin da ake yi wa maganin daji ya farka da yunwa, ai abin godiya ne, amma shi sai ya riƙa kallon farantinsa kamar ya ci amanarsa.

Kafinta kuwa kullum sai ya yi. Ya daina zuwa kwandon shara, Sista ta ba shi wata 'yar roba ta musamman. Duk wanda ya sauko matakala, kafin ya gai da kowa sai ya tambayi ya jikin Kafinta. Tsohuwa mai saƙa ta riƙa kawo masa citta. Abin da ya fi ƙona wa Mai Agogo rai shi ne matarsa, wadda ta ga mutum ba mai riƙe masa roba, ta tashi ta riƙe. Tana riƙewa tana yi masa sannu, ta miƙa masa ruwan kurkure baki, ta je ta wanke robar ta dawo.

"Bawan Allahn nan yana shan wuya," ta ce a bas. "Amma ka ga ko sau ɗaya bai yi ƙorafi ba."

"Wane ƙorafi zai yi? Ai shi ya dace."

"Baban yara, amai ne dace?"

"Ke ba za ki gane ba."

"Na gane mana. Da ni ce da na gode wa Allah da cikina ke riƙe abinci."

"Shi ya sa ba ke ba ce," ya ce, ya juya fuska wajen taga.

Ya gwada Sista. Ya ce mata ko kwalin nan akwai wata alama a ƙasa, ko wari, ko nauyi. Ta ce, "Baba, ko ni aka ɗaure ba abin da zan iya faɗa, don ban sani ba." Ya gwada Likita ranar da take duba su. Ya ce shi fa mutum ne mai ƙarfin ciki, in akwai wanda maganin ke wahalarwa ana iya yi musu musaya, kowa ya huta. Ta juya bironta ta ce in aka yi haka gwajin ya lalace, kuma ba za a taɓa sanin ko sinadarin yana aiki ba. Ta ce watakila ma ba ya aiki, shi ya sa ake gwadawa. Mai Agogo ya ce haka ne. A ransa ya ce mai lafiya ke da bakin faɗin watakila.

Labule ne kawai tsakanin gadajen duba marasa lafiya. A ƙarshen mako na biyu yana kwance yana jiran layinsa ya ji Likita tana taɓa wuyan Kafinta ta ce, "Kumburin ya fara saki, Baba. Madalla." Da ta zo kansa ta daɗe tana lalube, sannan ta ce, "Yana nan dai. Da sauran lokaci, kowa da yadda jikinsa yake amsawa."

Ƙarshen makon nan bai ci abincin kirki ba, kuma ba ciwo ya hana shi ba. Ya zauna a bakin gado da madubin aski yana taɓa ƙasan haɓarsa, ya danna, ya saki, ya sake dannawa. Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske, irin wanda bai ji ba ko ranar da aka faɗa masa sunan ciwon. Amma tsoron Mai Agogo bai iya tafiya shi kaɗai ba, sai ya jawo hassada. Me Kafinta ya fi shi da shi? Mutumin da ba mata, 'ya'ya sun watse, ba mai jiransa a gida. Shi kuwa autarsa ba ta gama makaranta ba. Lamba ɗaya ce tsakaninsu. Da ranar rajista ya tsaya ɗaure takalmi Kafinta ya wuce gabansa, da shi ne arba'in da biyu.

Safiyar Laraba, ranar gashi ta goma sha uku, komai ya tafi yadda ya saba. Matarsa ta hau sama kai kati wurin rajista. Sista ta ajiye kofunan biyu a kan ɗan teburin. A makon farko takan tsaya sai ta ga sun haɗiye, amma yanzu ta yarda da tsofaffinta, ga kuma aikin safe ya yi mata yawa. Ta ce, "Ku sha, ina zuwa," takalminta ya tafi yana kuka. Kafinta ya miƙe da ƙyar, ya nufi injin ruwa.

Taku ashirin ne zuwa, ashirin dawowa, da ɗan tsayuwar cika kofi biyu. Ga mutumin da ya shekara talatin yana ɗaukar dunƙulen ƙarfe da bai kai ƙwayar yashi ba da hantsaki, wannan lokaci ne mai yawa. Ya juye arba'in da biyu a tafin hagu, ya juye arba'in da ɗaya a cikin arba'in da biyu, ya zuba na hannunsa a kofinsa. Ko motsi kofunan ba su yi daga inda aka ajiye su ba. Ya lura hannunsa bai yi rawa ba, har ya ji wani ɗan alfahari da ya ba shi kunya daga baya.

"Bisimilla, ɗan'uwa," Kafinta ya ce yana miƙa masa ruwa. Suka sha.

A tashar bas abin ya zo masa. Da farko yawu ya cika masa baki, sannan ƙasa ta ɗan karkata, sannan ya durƙusa a bakin kwata ya amayar da shayin safe. Matarsa ta rikice tana sannu, tana shafa masa baya. Da ya ɗago, hawaye na zuba, ta ga fuskarsa sai ta yi sororo. Rabon da ta ga irin wannan murnar a fuskarsa tun ranar da rumfar mai gyaran waya ta yi yoyo.

"Ashe ni ma ta gasken ce," ya ce. "Jikina ne mai jinkiri."

Ya yi wa kansa lissafi na adalci. Kafinta ya sha sau goma sha biyu, shi ma zai sha sau goma sha biyu, sauran shidan ya bar masa. Raba daidai ke nan, abin da ita kwamfutar ta kasa yi. Da wannan lissafin ya samu ya yi barci.

Kafinta ya daina amai tun ranar. A rana ta uku ya sauko matakala da ayaba a hannu, yana ci a hankali saboda maƙogwaro ya fara raɗaɗin gashi, amma yana ci. Sista ta rubuta a takardarsa, ta ce jikinsa ya saba da maganin. Tsohuwa mai saƙa ta tabbatar, ta ce ai haka ta gaske take yi, ta murɗa mutum sannan ta sake shi. Robar ta dawo hannun Mai Agogo, cittar ma ta dawo, gaisuwar masu saukowa ma ta dawo kansa.

Za a zaci ya huta ke nan. Ina fa. Aman da ya yi ta hange daga nesa, da ya zo kusa sai ya tarar amai ne kawai. Yana fitowa ta maƙogwaron da hasken ya riga ya saluɓe, kamar ana jan ƙaya. Wandonsa ya fara zamewa, aka ƙara rami a bel. Yana durƙushe a kan roba sai ya hango Kafinta yana ɓare ayaba ta biyu yana ba matar Mai Agogo labarin wani mai gida da ya sa aka yi masa ƙofar da ta fi bango tsawo, tana dariya har da rufe baki, sai ya ji tsohon ciwon nan ya motsa. Ga shi ya ƙwace maganin, amma har yanzu Kafinta ne ke jin daɗi.

Abin da ya fi wuya shi ne Kafinta ya ɗauke wa matar Mai Agogo aikin robar. "Zauna ki huta, matar ɗan'uwa, ni na san hanyar nan." Yakan durƙusa da wannan dogon jikin, ya tallafe goshin Mai Agogo da hannun nan mai guntun yatsa, ya riƙa koya masa dabaru. Kar ka sha ruwa da yawa lokaci guda. Ka shaƙi iska ta hanci. In ka ji yana tasowa kar ka yi gardama da shi. "Kwana goma ne, ɗan'uwa, zai sake ka yadda ya sake ni. Ka daure. Alama ce mai kyau."

Likita ce kaɗai abin ya ɗan ɗaure wa kai. Ta tambaye shi ko ya fara shan wani abu a gida, na gargajiya ko na kanti, don ba a cika ganin amai ya fara a mako na uku haka kwatsam ba. Mai Agogo ya sha jinin jikinsa, ya rantse ba ya shan komai sai abin da aka ba shi a nan. Ta dube shi, ta rubuta masa maganin tashin zuciya. Da ta taɓa wuyansa a ƙarshen mako na huɗu ta ce, "Ya fara saki."

Ranar da goma sha biyunsa suka cika, ya sauko matakala da niyyar barin kofunan yadda suke. Sista ta ajiye, ta tafi. Kafinta ya nufi injin ruwa. Mai Agogo ya taɓa ƙasan haɓarsa, ya ji saura ɗan ƙulli kamar wake. Ya ce bari ya ƙara yau kaɗai. Haka ya faɗa washegari, haka ya faɗa jibi. Sau goma sha takwas ya juye kofunan nan, har ranar ƙarshe, kuma ba ranar da Kafinta ya waiwayo.

Aka sallame su aka ce su dawo bayan wata uku a yi hoto. Watannin nan Mai Agogo ya yi su a gida yana koyon haɗiya kamar jariri, daga madara zuwa ƙwai, daga ƙwai zuwa shinkafa mai ruwa. Muryarsa ta dawo kaɗan kaɗan. Sau biyu Kafinta ya kira waya, sau biyu Mai Agogo ya ce wa matarsa ta ce yana barci.

Ranar sakamako Likita ba ta juya biro ba. Ta juya masa fuskar kwamfuta ta nuna hoton da da na yanzu, ta ce ba ta ga komai ba. Ba za ta ce ya warke ba sai an shekara biyar ana dubawa, amma yau dai wurin fes yake. Matarsa ta fashe da kuka, ta fita baranda kiran 'ya'ya. Mai Agogo ya tsaya a bakin ƙofa ya tambaya, kamar abin bai dame shi ba, yaushe za a san wanda ya sha wace.

"Sai an gama da mutum ɗari huɗu, Baba. Shekara uku ko huɗu. A lokacin za a buɗe lambobin a ƙirga, a ga a wane rabi aka fi warkewa. Da ku za a yanke ko a riƙa ba kowa ko a bari."

Ya fito. A kan benci na ƙarshen barandar wani dogon mutum yana zaune da 'yar jaka a cinya, rigarsa ta yi masa yawa. Sai da ya ɗaga hannu Mai Agogo ya gane shi. Ba hanyar wucewa sai ta gabansa.

"Ɗan'uwa," Kafinta ya ce. Muryar ta koma raɗa, sai an sunkuya ake ji. "Zauna. Matarka ta faɗa min. Allah ya ƙara lafiya."

Mai Agogo ya zauna a bakin bencin. "Kai fa?"

"An gan ni tun da safe, takardar magani nake jira. Nawa yana nan. Gefen ya tafi, tsakiyar ce ta ƙi, har ta fara tasowa."

"Sai a sake gashin."

"Na tambaya. Ta ce wurin ya sha iya abin da zai iya sha, in aka ƙara naman kirkin ne zai mutu. Kuma inda yake wuƙa ba ta shiga. Akwai wani ruwa da za a riƙa sa min, ya ɗan riƙe shi." Ya haɗiyi yawu da ƙyar, ya jira zafin ya wuce. "Ban damu sosai ba. Ka san abin da ke kwantar min da hankali? Ta gasken aka ba ni, kowa ya shaida. Kuma ban tsallake ko rana ɗaya ba, har lokacin da nake amai kamar raina zai fita. Jiya na faɗa wa 'ya'yana, duk abin da ake yi an yi min, ni ma na yi nawa. Ba inda zan ce da an yi kaza. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, ɗan'uwa."

Mai Agogo ya kalli tayil ɗin ƙasa. Maganar tana nan a bakinsa, gajeriya ce, ba ta fi numfashi ɗaya ba. Ya auna ta ta kowane gefe. In ya faɗa ba za a sake kunna injin ba. In ya faɗa, abu ɗayan da ya rage wa mutumin nan ya tafi. In bai faɗa ba, nan da shekara huɗu wani zai buɗe lambobi ya rubuta cewa arba'in da biyu ya sha sinadarin bai yi masa aiki ba, arba'in da ɗaya ya warke ba tare da shi ba. Ya kuma san cewa a cikin dalilan nan har da tsoron kunya, kuma shi ne ya fi sauran nauyi.

"Akwai abin da nake so in roƙe ka," Kafinta ya ce.

Mai Agogo ya ɗago kai. "Ina ji."

"Ɗazu da matarka ta fito tana kuka tana cewa an ce fes, bakina ya ce madalla, amma zuciyata ba ta ce ba. Wani abu ya tokare ni a nan." Ya dafa ƙirji. "Na ce me ya sa shi, ba ni ba? Tare muka fara, ruwa ɗaya muka sha, ni na riga shi wahala. Har na ce a raina da ma a juya. Ni ban saba da wannan ba, ɗan'uwa. Na yi shekara sittin da uku ban taɓa kallon abin hannun wani na ji zafi ba, sai yau, a kanka, kai da ba ka yi min komai ba sai alheri. Ba na so in tafi da shi. Ka yafe min."

Ya kama hannun Mai Agogo ya riƙe da hannuwansa biyu. Sun yi sanyi, ba nauyi a cikinsu. Can ɗaya ƙarshen barandar matar Mai Agogo tana waya tana dariya tana share hawaye, tana faɗa wa autarsu ta sanar da kowa.

Duk tsawon rayuwar Mai Agogo ba wanda ya taɓa yi masa hassada, wannan ne na farko. Kafinta yana kallonsa yana jira, da idon mutumin da ya yi laifi yake tsoron a ƙi karɓar tubansa. Mai Agogo ya buɗe baki. Muryar da aka ceto masa ta fito sarai, ba ko dusashewa.

"Na yafe maka," ya ce.

"Na gode," in ji Kafinta. Ya saki ajiyar zuciya, ya jingina da bango ya lumshe ido, bai saki hannun ba.